Ɗaga ƙarfe a shekara casa'in: me ya sa hutu ke kayar da mazauna gidajen tsofaffi

A shekarar 1990 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wani bincike wanda, in da yawan mutane ake dubawa, ba wanda zai waiwaye shi. Mutum goma ne kacal, dukansu mazauna wani gidan kula da tsofaffi na al'ummar Yahudawa a birnin Boston. Ƙaraminsu yana da shekara 86, babbansu 96, kuma kusan kowa a cikinsu yana fama da cuta fiye da ɗaya: amosanin gaɓɓai, ciwon zuciya, hawan jini, wasu ma sun taɓa karaya. Wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta suka riƙa zaunar da su a kan na'urar ɗaga nauyi sau uku a mako, suna miƙe gwiwa da nauyi rataye a ƙafa. Ba nauyin wasa ba ne. Sai an auna iyakar abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya tak, sannan a ɗora masa kashi 80 cikin ɗari na wannan, ya ɗaga sau takwas, ya huta, ya sake, har zagaye uku. Da ya ƙara ƙarfi sai a sake aunawa a ƙara masa.

Tara ne suka kai ƙarshen mako takwas ɗin. Ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari, matsakaicin nauyin da suke ɗagawa kuma ya tashi daga wajen kilo 8 zuwa wajen kilo 20. Biyu daga cikinsu sun ajiye sandar dogarawa. Cikin mutum uku da da farko ba sa iya tashi daga kujera sai sun dafa hannunta, ɗaya ya koma yana miƙewa da ƙafafunsa.

Kafin wannan lokaci, abin da yawancin likitoci suka ɗauka shi ne tsokar tsoho ta gama yayinta, abin da ya rage shi ne a lallaɓa ta har kwana ya ƙare. Yau shekara talatin da wani abu ke nan da rushe wannan zato, bincike ya yi ta biyo bayan bincike, amma har yanzu in ka shiga gidajen tsofaffi a Turai ko Amurka abin da za ka fi tararwa shi ne mutane jere a kujeru gaban talabijin. A ganina sanin ba shi ne ya yi ƙaranci ba. Yadda aka gina kulawar ne yake cin karo da abin da tsoka ke buƙata.

Sai an fahimci yadda ƙarfi ke tafiya kafin a gane wannan. Daga wajen shekara 30 tsokar mutum take fara raguwa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Amma ƙarfi ya fi girman tsokar saurin zubewa, saurin zabura kuwa ya fi su duka. Dalili shi ne zaruruwan tsoka iri biyu ne. Akwai masu jure dogon aiki a hankali, waɗanda ke riƙe mutum a tsaye ko a tafiya, akwai kuma masu zabura, waɗanda ba a kiran su sai aiki ya yi nauyi ko ya zo ba zato. Tsufa ya fi cin na biyun. Ka duba tsohon da ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa: jikinsa ya riga ya tafi gaba, kuma yana da ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya cilla ɗaya ƙafar ta tare shi. Ƙwaƙwalwarsa ta ba da umarni, ƙafar ce ta makara. Yawo a tsakar gida, duk amfaninsa ga zuciya da numfashi, ba ya taɓa waɗannan zaruruwa, domin jiki ba ya tashin su sai ya ji nauyin da ƙananan ba za su iya ba.

Akwai kuma ɓangaren jijiyoyi. Jijiyoyin da ke fitowa daga laka suna ba tsoka umarni su ma suna mutuwa kaɗan-kaɗan, waɗanda suka rage kuma in ba a sa su aiki ba sai su yi sanyi. Wannan ne ya warware wani abin mamaki a binciken Boston: ƙarfi ya kusa ninkawa uku, amma kaurin tsokar cinya kashi 9 cikin ɗari kawai ya ƙaru. Mafi yawan ribar makonnin farko daga jijiya take zuwa, jiki ne yake sake koyon amfani da abin da yake da shi tun da. Shi ya sa ake ganin canji da wuri ko a jikin wanda ya rame ƙwarai.

Abin da ya sa ƙaramar riba take yin babban tasiri ga tsoho shi ne kowane aikin yau da kullum yana da gwargwadon ƙarfin da yake nema, kuma wannan gwargwado ba ya sauka don mutum ya tsufa. Tashi daga kujera, hawa matakala ɗaya, miƙewa daga ban ɗaki, duk farashinsu ɗaya ne ga yaro da babba. Saurayi kamar mai rumbu cike da hatsi ne, ko an ɗebi rabi ba zai kwana da yunwa ba. Mai shekara 88 kuwa ya riga ya kai gindin rumbun, tashi daga kujera kaɗai yana iya cinye kusan duk abin da cinyarsa take da shi. In ya rasa kashi 10 cikin ɗari ya koma sai an ɗaga shi. In ya samu kashi 10 ya koma yana zuwa ban ɗaki da kansa, ba ya jiran a zo da fo ko a sa masa famfas. Tsakanin waɗannan biyu akwai mutuncin mutum gaba ɗaya, kuma ratar ba ta wuce 'yan kilo ba.

To, kashi goman nan ba ta da wuyar rasawa. A 2007 masu bincike a jihar Arkansas ta Amurka sun kwantar da tsofaffi masu lafiya, waɗanda matsakaicin shekarunsu 67 ne, a gado har kwana goma, ana ba su abinci isasshe. Da suka tashi sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa, ƙarfin gwiwarsu ya ragu da wajen kashi 16 cikin ɗari. Masu lafiya ke nan, ba zazzaɓi, ba tiyata. Sai ka ƙiyasta mai shekara 85 da ciwon huhu ya kwantar mako biyu.

Yanzu mu shiga gidan tsofaffin da safe. Ma'aikaciya ɗaya ce da mutane da yawa a hannunta, kuma dole kowa ya yi wanka ya sa kaya kafin a kawo karin kumallo. In ta tsaya tsohuwa ta zuro ƙafa ƙasa da kanta, ta dafa gado, ta yunƙura sau biyu kafin ta miƙe, ta taka zuwa ɗakin cin abinci, lokaci ya tafi. In ta ɗaga ta ta ɗora a keken guragu ta tura, nan da nan an gama. Ba mugunta ba ce, lissafin lokaci ne, kuma kowa a matsayinta abin da zai yi ke nan. Sai dai kowace safiya an ƙwace wa tsohuwar atisayen da shi kaɗai ya rage mata.

A kan wannan sai a ƙara tsoron faɗuwa, wanda tsoro ne mai dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ne faɗuwa ke kashewa a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu a wannan shekaru sau da yawa ita ce mafarin ƙarshe. Amma dubi yadda hisabin yake a gidan kulawa. In tsoho ya faɗi, sai an cike takarda, an kira 'ya'yansa a waya, masu sa ido daga gwamnati su yi tambaya, wani lokaci har lauya ya shigo. In kuwa ya yi wata shida a kujera har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, ba takardar da za a cike, ba wanda za a tuhuma. Cewa za a yi tsufa ne. Duk tsarin da ke hukunta faɗuwa ya ƙyale raunana, to zaunar da mutane zai yi, garin neman gira a rasa ido.

Fiatarone ta dawo a 1994 da bincike mafi girma a wannan gida na Boston: mutum 100, matsakaicin shekaru 87, mafi yawansu masu sanda ne ko abin dogarawa ko keke. An raba su gida huɗu. Wasu ɗaga nauyi, wasu abin sha mai ƙarin sinadaran gina jiki, wasu duka biyun, wasu kuma ba ko ɗaya. Bayan mako goma masu ɗaga nauyi sun ƙara ƙarfi da kashi 113 cikin ɗari, sauran kashi 3. Ƙarfin hawa matakala ya ƙaru da kashi 28, saurin tafiya da kusan kashi 12. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗanda aka ba abin sha kaɗai: ba su ƙara ƙarfi ba, sai ma suka rage cin abincinsu na yau da kullum, ƙarin ya maye gurbin tuwon ne kawai. Wannan ba ya nufin abinci ba shi da amfani. Tsokar tsoho ta fi ta yaro taurin kai wajen karɓar furotin, shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, in dai ba mai ciwon ƙoda ba ne. Amma tsokar da ba a sa ta aiki ba, ba ta da dalilin ɗaukar abin da aka ba ta.

Galibin gidajen tsofaffi za su ce maka suna da shirin motsa jiki, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ana zagaye a kujeru, a sa kiɗa, a ɗaga hannu sama, a juya wuyan ƙafa, a jefa wa juna balan-balan. Yana da daɗi, yana kawo hira da dariya, ba zan raina shi ba. Sai dai ba shi ne abin da aka gwada a Boston ba. Ƙa'idar gina ƙarfi tsohuwa ce, tun wajen 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya tsara ta yana jinyar sojojin da suka ji rauni a yaƙin duniya na biyu: nauyin ya kai wanda ɗagawa ta ƙarshe za ta yi wuya, kuma a riƙa ƙara shi yayin da mutum ke ƙara ƙarfi. In tsoho yana iya maimaita motsi sau talatin yana ba da labari, ba a taɓa tsokar da ake nema ba. In kuma nauyin da ya fara da shi a watan Janairu shi ne a hannunsa a watan Yuni, tun Fabrairu aka daina ci gaba.

Batun ko atisaye yana rage faɗuwa a gidajen kulawa ya fi rikitarwa, kuma a nan masu ɗoki kan yi gaggawa. Ga tsofaffin da ke zaune a gidajensu hujja ta yi ƙarfi. Shirin Otago na ƙasar Niyu Zilan, wanda ke amfani da nauyin da ake ɗaurawa a idon sawu haɗe da atisayen daidaita tsayuwa, ya rage faɗuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku. Amma da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara binciken da aka yi a gidajen kulawa a 2018, cewa ta yi ba ta da tabbacin motsa jiki yana rage faɗuwa a can. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. An zuba shirye-shirye masu nauyi da marasa nauyi a kwando ɗaya. Sannan wanda ya samu ɗan ƙarfi yakan fara yawo fiye da da, in kuwa ba a gyara masa daidaiton tsayuwa ba, damar faɗuwa aka ƙara masa. Mai kwance a gado ai ba ya tuntuɓe.

A wannan shekara ta 2018 aka buga sakamakon wani gwaji daga Ostiraliya mai suna Sunbeam, wanda wata likitar gashi (wato mai jinyar gaɓɓai da tsoka ta hanyar motsa jiki), Jennifer Hewitt, ta jagoranta a gidaje 16 da mazauna 221. Nan an haɗa biyun: ɗaga nauyi mai ƙaruwa a kan na'urori, da atisayen tsayuwa mai ƙalubale, awa ɗaya sau biyu a mako har mako 25, jimla awa 50, sannan wata shida na riƙe abin da aka samu. Yawan faɗuwa ya ragu da kashi 55 cikin ɗari, kuma da yawa daga cikin mahalartan suna da matsalar mantuwa. Gwaji ɗaya ne, bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya nuna inda gizo ke saƙa: yawan awanni, nauyi na gaske, da tsayuwa a kan ƙafa.

Ko a asibiti an gwada. A birnin Pamplona na Sifaniya an ɗauki majinyata 370 masu matsakaicin shekaru 87 da aka kwantar saboda rashin lafiya na gaggawa, aka sa rabinsu atisaye na minti 20 safe da yamma na 'yan kwanakin zamansu. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna sun fita sun fi yadda suka shigo iya hidimar kansu, waɗanda aka yi wa jinyar da aka saba kuwa sun ja baya.

Akwai waɗanda ba a fara wa wannan sai likita ya duba: mai ciwon ƙirji da bai lafa ba, wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, mai hawan jini da ya ƙi sauka, mai sabuwar karaya ko tiyata, mai zazzaɓi. Ana kuma koya wa mutum kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri, domin hakan na cilla jini sama. Ciwon gwiwa na amosani, wanda shi ne uzurin da aka fi kawowa, ba ya cikin masu hanawa. Ƙarfafa cinya yana cikin maganinsa.

Mu a ƙasar Hausa gidajen gajiyayyu ba su da yawa, kuma kai iyaye can abin kunya ne. Tsofaffinmu a gaban 'ya'ya da jikoki suke. Amma cutar da nake bayani ba ta buƙatar gini ko ma'aikata, ladabi ma yana iya haifar da ita. Tsohuwar da a ƙauye take shara, take tankaɗe, take tafiya gidan suna da ƙafa, sai ɗanta ya ɗauko ta zuwa birni don ta huta. Ta yunƙura za ta ɗauki buta, jika ta riga ta: "Hajiya, zauna abinki, bari in kawo miki." Ta ce za ta leƙa maƙwabta, a ce "Inna, ki bari a fito da mota." Haƙora sun yi rauni, sai a koma ba ta koko da kunu safe da dare, alhali alale, ƙwai, nono, kifi da miyar gyaɗa duk ba sa neman tauna. Bayan shekara ɗaya ana cewa tsufa ya zo mata gaba ɗaya. Duk wanda ya yi mata waɗannan abubuwa albarka yake nema, shi ya sa gyaran yake da wuyar faɗa.

Rayuwarmu ta ma fi ta Bature neman ƙarfin cinya. Zama a tabarma, ban ɗakin tsuguno, da salla, wadda farillanta kaɗai raka'a 17 ne a yini, da ruku'u da sujada da miƙewa daga ƙasa. Wannan yana riƙe wa tsofaffi da yawa ƙarfin da takwarorinsu na wasu ƙasashe suka daɗe da rasawa. Matsalar tana zuwa ne bayan jinya. Malam ya kwanta mako uku, ya tashi ya ga ba ya iya miƙewa daga sujada, ya koma salla a kujera. Addini ya ba shi wannan sauƙi, ba mai ja. Abin da iyali ba sa sani shi ne sau da yawa raunin na kwanciyar ne, kuma ƙafar tana iya dawowa in an neme ta da wuri. Ba sai da na'ura ba. A jingina kujera mai ƙarfi da bango, wani ya tsaya a gefe, ya tashi ya zauna a hankali sau takwas zuwa goma, kada ya faɗa kujerar, ya sauka da iko. Da farko da dafa hannu, daga baya hannuwa a ƙirji, daga baya a kujerar da ta fi gajarta, daga baya rungume da jarka mai ruwa kaɗan da ake ƙara wa ruwa. Likitocin Turai suna da ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya yi da agogon waya: in tashi da zama sau biyar ba tare da dafawa ba ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafa ya yi ƙasa. Manyan asibitocinmu suna da sashen gashi, kuma aikinsu ke nan, ba na masu shanyewar ɓarin jiki kaɗai ba.

Wahalar da ta fi kowacce ita ce abin ba ya ajiyuwa. A binciken farko na Boston, da aka dakatar da atisayen mako huɗu kacal, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya zube. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2020, ta sa wa masu shekara 65 zuwa sama ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, da atisayen da ya haɗa ƙarfi da daidaito kwana uku, ba tare da ranar gamawa ba. Ga gidan kulawa wannan yana nufin albashin mai horarwa na dindindin, kuma a nan kuɗi ke magana. Ostiraliya misali ce mai kyau. Tsarin biyan kuɗin da ta yi amfani da shi daga 2008 zuwa 2022 yana ƙara wa gida kuɗi gwargwadon yadda mazauni ya kasa, don haka gidan da ya tayar da tsoho daga keke yana iya rage wa kansa kuɗin shiga. Tsarin yana biyan likitan gashi ya yi tausa don rage ciwo, amma ba ya biyansa ya sa mutum ɗaga nauyi. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa kan kula da tsofaffi ta miƙa rahotonta a 2021, aka sauya tsarin a watan Oktoba na 2022, a Oktoban 2023 kuma aka fara wajabta wa gidaje matsakaicin minti 200 na kulawa ga kowane mazauni a rana. Mintunan na nas-nas ne da masu hidimar jiki. Lokacin likitan gashi ba ya cikin lissafin, a ƙasar da aka yi gwajin Sunbeam.